Rabin Ƙwaya a Murfin Kula

Duk wanda ya san Sahadatu a unguwar Ain Khaled, a tsaye ya san ta. Ko abinci a tsaye take ci, kwano a hannu, ido a kan tukunya, kunne a ƙofa. In ka matsa mata ta zauna, sai ta ɗosana a gefen kujera kamar wadda motarta ke shirin tashi, kafin ka gama gaisuwa ta miƙe, wai ta tuno abin da ta bari a wuta. 'Yan zangon Gana da ke Doha Mma Sahada suke ce mata. Yaran makarantar da take wa aiki kuwa kowa da yadda harshensa ya iya murɗa sunan, ita dai tana amsawa tana tafiya.

A Aboabo aka haife ta, cikin zangon Kumasi, a gidan haya mai ɗakuna barkatai da murhu a tsakar gida. Uwarta waakye take sayarwa, shinkafa da waken nan da ake dafawa da karan dafi har su yi ja, a zuba musu shito mai yaji. Abin da Sahadatu ta tashi ta tarar a gidan shi ne ba a tambayar abu na wane ne. Wanda ya sayo sabulu ya sayo wa gida. Wanda ya je asibiti aka ba shi magani, ragowar tana cikin gwangwanin madara a kan taga, duk mai ciwon kai ya miƙa hannu ya ɗauka. Ba wanda ya taɓa kiran wannan kirki ko kyauta, haka kawai ake zama. Ba za a ga laifin tsohuwar ba, amma da ta nuna wa 'yarta bambancin abin tukunya da abin gwangwani, da ta rage mata wahala.

Mijinta Mashud ne ya fara zuwa Doha, shi da amininsa Aruna, jirgi ɗaya suka hau. Mashud ya samu tuƙin tankar ruwa, Aruna ya samu baro a kasuwar Souq Waqif, yana tura wa masu sayayya kaya daga shago zuwa mota. Mashud mutum ne mai ƙin asibiti, katinsa ya tsufa a aljihu ba a taɓa duba shi ba. Wata Juma'a ya sunkuya yana alwala a bakin famfo, bai ɗago ba. Hawan jini ne, in ji likitoci, ya daɗe yana cinsa a ɓoye. Aruna ne ya yi zirga-zirgar takardu, shi ya tsaya aka yi wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi, shi kuma ya kira Kumasi ya faɗa.

Bayan ta fita takaba ta yi ta juya tukunyar uwarta a Aboabo, abin ya ƙi gaba, ga yara biyu a makaranta. Wani ejan ya samo mata aikin kula da yara a motar wata makaranta a Doha, ta bar wa ƙanwarta nata yaran ta taho kula da na wasu. Ranar hutunta ta farko Aruna ya kai ta maƙabarta, ya tsayar da ita a bakin ƙofa ya nuna mata da hannu, can, layin da ke kusa da katanga. Ba ta yi kuka a wurin ba. Sai da suka shiga bas ta ce masa duk ranar da tukunyarta ta hau wuta a ƙasar nan, da rabonsa a ciki.

Ɗakinta yanki ne na falon wani tsohon gida da aka yayyanka da katako aka zuba 'yan haya, in mai ɗaki na uku ya yi tari daga naka za ka yi masa sannu. A nan ta kafa tukunyar Juma'a. Ana saukowa daga masallaci 'yan zango za su fara shigowa, masu gadi, direbobi, masu wankin mota na unguwar Al Mirqab, kowa ya kawo wankakkiyar kularsa ya tafi da cikakkiya. Ba ta da izinin sayar da abinci, don haka ba ta taɓa cewa sayarwa take ba, wanda ya ga dama ya ajiye wani abu a ƙarƙashin faranti. Aruna kuwa ko ya ajiye sai ta bi shi har ƙofa ta cusa masa a aljihu. Amarya yake ce mata, kamar yadda ya fara tun ranar da aka kai ta ɗakin Mashud, ko da yake furfura ta riga ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Da yake Hausar zango ba ta damu da raba mace da namiji ba, “Amarya, ka ƙara shito” ita ce gaisuwarsa.

Ana nan sai kamfanin da ya kawo Aruna ya rushe. Aka karɓe baro da rigar aiki, kafil ɗinsa, wanda ya tsaya masa a ƙasar, ya daina ɗaga waya, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare babu mai sabuntawa. Ya koma ɗaukar kaya a ɓoye, yau a kwashe kujerun masu tashi daga gida, gobe a sauke buhunan albasa a bayan kanti, in ya hango motar 'yan sanda ya zama mai duba waya a gefen hanya. Maganar komawa gida kuwa ba ya son jin ta. Ginin da ya fara a bayan Kumasi ya kai linta ya tsaya, damina na dukansa ba rufi, kuma ya yi wa kansa alkawari ba zai taka Gana ba sai kwano ya hau.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne katin asibiti. Shi ma yana da hawan jini, kuma da katin nan yake zuwa asibitin unguwa a auna shi, a ba shi magani a kan abin da bai taka kara ya karya ba, gwamnati ta ɗauke sauran. To katin a jikin iƙama yake rataye. Ranar da ya je sabuntawa, matar da ke kan tebur ta danna kwamfuta, ta sake dannawa, ta turo masa katin da yatsa ta ce kalas, wato an gama. Ba ta yi masa tsawa ba, ba ta kira kowa ba, har sannu ta yi masa da ido. Asibitin kuɗi yana nan a buɗe, amma ganin likita da kwalin magani a can sun fi ƙarfin mai sauke albasa. Ya sa katin a aljihu ya fito, bai faɗa wa kowa ba.

Sahadatu ce ta gano shi. Wata Juma'a tana zuba masa abinci ta ga ya kai hannu yana matsa ƙeyarsa, yana runtse ido ɗaya. Haka Mashud ya riƙa yi a hutunsa na ƙarshe, ita kuma a lokacin ta ce gajiya ce, ta shafa masa man zafi. Ludayin ya tsaya a hannunta.

“Malam Aruna, ina maganinka?”

“Ya ƙare.”

“To ka koma ka amso mana.”

“Amarya, ka bar maganan nan. Iƙama ya mutu, kati ya bi shi. Ba ya ciwo koraa, ko kaɗan, gajiya ne.”

Kalmar gajiyar nan ce ta ƙarasa tayar mata da hankali. Ita ma tana da nata hawan jinin, 'yar ƙwaya fara guda take sha kowace safiya. Ba ta yi dogon tunani ba, don a gidansu ba a tunani a kan irin wannan. Ta ɗauko kwalin, ta ɗauko wuƙar yanka albasa, ta bi ƙwayoyin mako ɗaya bayan ɗaya tana rabawa a kan faranti. Rabi nata, rabi ta ƙulle a 'yar leda ta sa a cikin murfin kularsa.

“Ba zan amsa ba,” in ji Aruna.

“Ba da kai nake ba, da kula nake.”

Ya ɗauki kular ya tafi.

Likitanta a asibitin unguwa Bakano ne, Dokta Nasidi, mutum mai sanyin magana da gilashi a kan hanci, wanda ranar da ya fara jin Hausarta ya yi dariya ya ce yau ya ga 'yar'uwa. Hajiya yake ce mata, ko da yake ba ta je ba tukuna. Da lokacin awonta ya zo ya ɗaura mata abin awo a damtse, ya duba, ya ɓata fuska. Jinin ya hau. Ai dole ya hau, rabin magani ake ba shi. Ya tambaye ta gishiri, ya tambaye ta barci, ya tambaye ta ko akwai abin da ke damunta a gida, sannan ya ce ƙwaya ɗaya ta daina riƙe ta, zai ƙara mata ta biyu.

Tana tsaye a tashar bas da kwali biyu a jaka abin ya faɗo mata a rai, kuma da bai faɗo ba da ya fi mata. Ashe in jini ya hau, magani ƙaruwa yake yi. Ta shiga da kwali ɗaya ta fito da biyu, ba ta roƙi kowa ba, ba ta ɗauki na kowa ba, da sunanta aka rubuta. Juma'ar nan ta ba Aruna kwali guda cur. Da ya tambaye ta daga ina, ta ce Dokta ɗan Kano ne, ya san ciniki, gyara yake yi mata. Aruna ya yi dariya ya yarda, don yana bukatar ya yarda.

Zango ba ya riƙe magana. Kafin a jima sai ga Zuleiha, wata 'yar zangon Nima na Gana da ta gudo daga gidan da take aiki ta baro fasfonta a can, tana fama da ciwon kai da kumburin ƙafa. Sai ga Abdul-Ganiyu, dattijon tela mai ɗinki a bayan shagon wani, wanda takardunsa suka mutu tun kafin na Aruna. Su ma ba su roƙa ba. Zama kawai suka yi bayan kowa ya watse, suna jujjuya murfin kula a hannu. Sahadatu ta dube su, ta dubi taga inda take ajiye kwalin, ta ce su ba ta lokaci.

Daga nan ta mayar da zuwa asibiti sana'a, da shirinta da ƙa'idarta. In ranar awo ta kusa, sai ta ajiye ɗan abin da take sha gaba ɗaya. Ta gasa koobi, busasshen kifin nan na Gana da gishiri ya yi wa fari, ta ci ba ta jiƙa ba. Ranar kuma ta sauka daga bas tun kafin a kai asibitin, ta tako a rana, ta bar lifta ta bi matattakala, ta isa gaban Dokta Nasidi zuciyarta na dukan haƙarƙari. Shi kuma bawan Allah ya duba abin awo, ya cire gilashi, ya goge, ya mayar. Ƙwaya ta uku ta shigo, daga baya ta huɗu ta biyo.

Rabon kuwa da ido take yin sa, yadda uwarta ke raba nama. Babbar ƙwayar ta Aruna ce, tunda shi ke ɗaukar kaya, jikinsa ya fi bukata. Mai ruwan hoda ta Zuleiha, don ta fi kama da ta mata. Abdul-Ganiyu ya samu doguwar. Ita ta riƙe 'yar farar ta asali, ita ɗin ma ba kullum ba.

Jikinta bai yi mata shiru ba. Kunnenta ya soma wani zuu da ba ya ɗaukewa. Wani lokaci tana sunkuye a motar makaranta tana ɗaure wa yaro bel, sai ta ɗago ta ga ƙananan taurari sun cika mata ido, ta kama ƙarfen kujera har su wuce. Aikinta na ƙarshe kowace rana shi ne ta bi motar kujera-kujera ta tabbata barci bai kwashe wani yaro a baya ba, yanzu kuwa sai ta bi ta dawo ta sake bi, har direba ya riƙa yalla, yalla, don ta daina yarda da idonta. Tsoro take ji, tsoro sosai, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa. In ta faɗa wa Aruna zai daina karɓa, in ta faɗa wa Dokta zai daina rubutawa. Yaranta in sun kira daga Kumasi, lafiya lau take ce musu, ta hau su da faɗan karatu don kada su ji muryarta da kyau. Sai ta ƙara yawan kai-komo, ta wanke tukunyar da ta riga ta wanke, ta share ɗakin da tabarma biyu ke cika shi.

Dokta Nasidi shi ma abin ya tsaya masa a rai. Ya tura ta hoton ƙoda, ya dawo lafiya. Ya tura ta gwajin jini iri-iri, ba a ga komai ba. Mace tana kan magani huɗu, jininta yana nan inda yake kamar ruwa ake ba ta. Ya tambaye ta kai tsaye ko tana shan su duka.

“Dokta, ko ƙwaya ɗaya ba ya saura a kwali,” ta ce, tana kallon bango.

Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce to, ranar Lahadi ta nemi izini a wurin aiki, ta zo da safe ba ta sha komai ba. A nan za a ba ta maganin a hannu, ta sha a gabansu, ta zauna a ɗakin jinya su riƙa aunawa su ga abin da yake yi a jikinta.

Juma'ar da ta zo kafin Lahadin, waakye ya kama a gindin tukunya, abin da bai taɓa yi mata ba. Ta yi tunanin ƙin zuwa, ta san in ta ƙi an gama. Ta yi tunanin ɓoye ƙwayoyin a ƙarƙashin harshe, har ta gwada da wake a gaban madubi, tana buɗe baki ta yi magana waken ya faɗo. Aruna ya zo karɓar abinci, ya rame, yana ɗan ɗingishi. Ya ce kwanan nan jijiyar ƙafarsa ke ɗaurewa in yana aiki a rana, ga yawan fitsari sai ka ce mai tsohon ciki. Suka yi dariya. Amma ƙeyar ta daina ciwo, in ji shi, Allah ya saka wa ɗan Kano. Ya ciro waya ya nuna mata hoto, an kai katakon rufi wurin ginin, an jingine shi a bango.

“Saura kwano, Amarya. In ya hau, ni da kaina zan je in miƙa kaina su kai ni gida. Kai ma ka rame paa, ka riƙa zama.”

Ranar Lahadi aka ba ta gado mai labule. Nas ɗin, wata 'yar Filifin mai fara'a, ta kawo ɗan kofin roba da ƙwayoyi biyu a ciki, sauran biyun sai an jima. Dokta Nasidi ya jawo kujera ya zauna, ya rage murya.

“Hajiya, ki saurare ni da kyau. In kina shan waɗannan kullum, babu abin da zai same ki yau. In kuwa ba kya sha, jikinki bai san su ba, za su iya kayar da jinin ƙasa lokaci ɗaya, abin ya zo da haɗari. Ba faɗa zan yi miki ba. Ki gaya mini gaskiya tun kofin yana hannunki.”

Ta dubi kofin. Ga babbar ta Aruna, ga mai ruwan hoda ta Zuleiha, ta san su sarai amma ba ta taɓa sanin ɗanɗanonsu ba. Kalma ɗaya za ta faɗa ta tashi lafiya ta koma bakin aikinta. Kalmar nan kuma ita za ta kwashe kwalaye uku daga taga, ta mayar da hannun Aruna kan ƙeyarsa, ga katako a jingine yana jiran kwano. Ta ga Mashud a sunkuye a bakin famfo, ko da yake ba a gabanta aka yi ba, hoto ne da ta haɗa wa kanta tun ranar da aka kira ta.

“Ina sha, Dokta,” ta ce. Ta yi bisimilla ta watsa su a baki, ta bi da ruwa.

Ita a nata ganin, jinin da ta iya tayarwa da matattakala za ta iya riƙe shi da ƙarfin hali. Ta ƙi kwanciya. Ta sauko tana safa da marwa tsakanin gado da labule, tana dunƙule hannu, tana tono duk abin da ya taɓa ɓata mata rai, ejan ɗin da ya yi mata ƙarya a kan albashi, dangin Mashud da suka kwashe firji tun tana takaba. Nas ta ce Mama, zauna. Ta ɗosana, ta sake miƙewa. Da aka jima aka kama ta aka auna, Dokta ya duba ya ce a dakata da sauran biyun, a kwantar da ita. Jin haka ta san asiri na gab da tonuwa, ta zabura ta miƙe don ta nuna masa garau take. Labulen ya yi baƙi, ƙafafunta suka tafi suka bar ta.

Da ta farfaɗo ƙafafunta na kan matasai, ana yi mata ƙarin ruwa, goshinta da filasta inda ƙarfen gado ya tsaga. Dokta Nasidi na tsaye, gilashi a hannu, fuskar nan babu alamar dariya.

“Hajiya, mutum nawa ke shan maganin nan?”

Ta juya fuska bango. Hawaye ya gangaro ya shige mata kunne.

“Mu huɗu.”

“Sauran ba su da kati?”

“Katinsu ya mutu.”

Ya zauna. Ransa ya ɓaci kuma bai ɓoye ba, ya ce wata da watanni tana yawo da jinin da zai iya tsinka mata jijiya a ka, a cikin motar da ke cike da 'ya'yan mutane. Sannan ya tambayi wa ke shan wacce. Da ta ce babbar ta Aruna ce, mai ɗaukar kaya a rana, sai ya dafe kai.

“Wannan ruwa take fitarwa daga jiki. Mutumin da ke zufa tun safe, ba a duba ƙodarsa ba, ita kika ba shi?”

“Na ga ƙwayan ya fi girma ne, Dokta.”

Tana faɗa ɗingishin Aruna ya dawo mata, da ramar, da fitsarin da suka yi wa dariya. Wannan ya fi tsagar goshin yi mata ciwo.

“To ka rubuta musu nasu,” ta ce. “Zan kawo su, ka duba kowa.”

“Kwamfutar nan ba ta karɓar sunan wanda katinsa ya mutu. Ba ni na kafa dokar ba, kuma ba ni da ikon tsallake ta. Wanda jikinsa ya rikice ya tafi sashen gaggawa, za a duba shi.”

“Za a duba shi, na sani. In an gama aka ce ina iƙama fa?”

Dokta ya mayar da gilashinsa. Ya rubuta mata 'yar farar ita kaɗai, ya soke sauran. Da za ta tafi ya faɗa mata masallacin da yake Juma'a, ya ce ta turo masa Arunan, yana da abin awo a mota, kuma ta ce masa ya ajiye babbar ƙwayar tun yau. Aunawa da faɗin gaskiya, in ji shi, iyakar abin da ke hannunsa ke nan.

Ta kira Aruna ta ba shi saƙon, ta ce gyara ta ƙare, ba ta ƙara komai ba. Ranar Juma'a ya je masallacin. A cikin mota Dokta ya auna shi, ya latsa ƙafarsa, ya ce ƙodarsa na bukatar gwaji ba da daɗewa ba, kuma gwajin ba na cikin mota ba ne. Daga can Aruna ya wuce Ain Khaled da kularsa. Yana shiga ya ga filasta a goshin Sahadatu. Ta ce ƙofar bas ce. Zuleiha, wadda ta yi jinyarta a kwanakin har ta tatso gaskiya daga bakinta, ta ce ba ƙofar bas ba ce, ta kwashe komai ta faɗa, da koobi, da matattakala, da kofin roba.

Aruna ya miƙa kularsa. Ko shito bai nema ba. Yana kallo Sahadatu ta ɗauko kwalinta guda ɗaya tilo, ta ɗauko wuƙar albasa, ta raba ƙwayoyin mako kamar ranar farko, ta ƙulle rabi ta sa a murfin kularsa. Ta shirya faɗa, ta tanadi amsar duk abin da zai ce, sai kawai ya ɗauki kular ya yi mata sai an jima. Rashin gardamar nan ya hana ta sukuni mako guda.

Juma'ar da ta biyo kowa ya zo ya tafi, Aruna bai zo ba. Ta leƙa ƙofa ta dawo, ta juya ragowar waakye a wuta, ta sake leƙawa. Wayarsa a kashe. Sai wajen la'asar ga Abdul-Ganiyu tela da kula biyu a hannu, tasa da ta Aruna. Ya ajiye su a kan tabarma, bai zauna ba.

“Mma, ya tafi ofishin da ake miƙa kai. Sun riƙe shi, za su sa shi a jirgi.”

“Rufin fa?”

“Ya ce katako zai jira.”

Ta buɗe kular. An wanke ta tas, an goge. A cikin murfin 'yar ledar tana nan yadda ta ƙulle ta, ko kwancewa ba a yi ba.

“Ya ba ni saƙo,” in ji Abdul-Ganiyu. “Ya ce in faɗa maka shi ya shiga rami ya amshi Mashud da hannunsa. Ya ce ba zai amshi na biyu daga ɗaki ɗaya ba.”

Ta kwance ledar ta zube rabe-raben a tafin hannunta. Da ta ɗago sai ta ga idon dattijon a kansu, shi da rabonsa da doguwar ƙwaya tun ranar da aka soke ta. Hannunta ya miƙa wajensa tun kafin ta yi niyya. Abdul-Ganiyu ya mayar da hannuwansa biyu baya.

“Da rantsuwa ya haɗa ni, Mma.”

Ya juya ya zubo ruwa a kofi ya miƙo mata, ya kau da fuska wajen taga. Sahadatu ta nemi kujera ta zauna, zama sosai, har bayanta ya taɓa majingina. Ta tsinci rabi biyu ta haɗa su, ta yi bisimilla ta haɗiye. Ƙaurin waakye ya fara tashi daga tukunya, ta ji shi, ba ta miƙe ba. Abdul-Ganiyu ne ya je ya kashe wutar.